Taguwarka Ta Ƙi Tashi

Gashuwa, ranar Lahadi da hantsi.

Umaru,

Assalamu alaikum. Ba zan ce ina fatan kana lafiya ba, ka wuce wannan tambayar. Fatana kana cikin rahamar Allah. Na sani sarai ba za ka karanta wannan takarda ba. To amma ko da kana raye, yaushe ka taɓa karanta wasiƙata har ƙarshe? Sai ka leƙa farko, ka leƙa ƙarshe, ka ninke ka sa a aljihu, ka ce in mun haɗu na faɗa maka da baki. Saboda haka ban ga abin da ya canza sosai ba. Zan rubuta abina.

Labarin gida tukuna. Matarka Yagana ta fita takaba, 'yan'uwanta sun zo daga Karasuwa an yi 'yar sadaka. Ta rame, amma bakinta yana nan yadda ka bar shi. Yara suna zuwa makaranta. Dalbejiyar da ka dasa a ƙofar gida, wadda ka rantse za mu sha inuwarta kafin mu yi furfura, akuyar maƙwabcinka ta sake cinye mata kai. Madara da sabulu har yanzu sai an bi layi. Iyakar Nijar kuma tana nan a rufe.

Iya ce damuwar. Tun da aka kai ka makwancinka mahaifiyarka ta ce zamanta a Nguru ya ƙare. Ta ce ɗa ta biyo, ba gari ba. Tana so a mai da ita Dagona, gidan ƙaninta, ɗakin da ta baro. Ta ce ba za ta mutu a garin da jirgin ƙasa ke yi wa mutum ihu a ka ba. Ta kuma ce kai da bakinka ka yi mata alkawari za ka kai ta kafin ruwa ya sauka. Ka yi? Na san ka yi. Alkawari bai taɓa yi maka wuyar fita ba.

Ka san yadda ƙugunta yake tun faɗuwar da ta yi a bakin rijiya. Mun gwada. Muka ɗauko a-kori-kura, muka shimfiɗa katifa biyu, muka kwantar da ita. Ba mu kai ga tsallake layin dogo ba ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin babba ba. Direban da kansa ya taka birki ya ce shi kam ba da shi ba. Muka dawo da ita a hankali, ta kwana biyu ba ta iya juyi. Daga nan ta rage cin abinci. Ba fushi take ba, ba kuma ta faɗa wa kowa magana. Kwanon ne kawai yake komawa kicin kusan yadda ya zo. Ni kuwa ina kallon sama. Ka san hanyar Dagona, da zarar an yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya laka ta kama, sai kuma bayan kaka. Ban ga alamar Iya za ta jira kaka ba.

Mota ɗaya ce a duniya Iya take iya shiga ba ta yi kuka ba, taka.

Umaru, shekara nawa na yi ina yi wa motar nan tsiya? Tun ran da ka saye ta hannun Bafaranshen nan mai haƙar rijiyar burtsatse da zai koma ƙasarsu. Kowa na sayen motar da ake haɗawa a Kaduna, wadda ko mai gyaran keke zai iya taɓawa, kai ka je ka kwaso wadda in an kashe ta sai ta durƙusa, in an tayar da ita sai ta yi nishi ta ɗaga baya, sannan ta ɗaga gaba. Ni na sa mata suna Taguwa saboda wannan durƙuso irin na raƙumi, sunan ya bi ta har tasha. Kai kuma ba ka gajiya da wa'azi. Wai ita ba ta da sifirin irin na sauran motoci, a kan mai take zaune. Famfo ya tura man ta siraran bututu zuwa kowace ƙafa, a kan kowace ƙafa akwai koren ƙwallon ƙarfe mai iska a ciki, mai ya ɗaga, iska ta yi laushi. Babban sharaɗi kuwa, wanda ka fi nanatawa fiye da sharuɗɗan alwala, shi ne ba ta shan kowane mai sai koren nan da ake kawo maka daga Damagaram. Ban manta ran da wani yaron gareji ya nufo ta da man birki ba. Har hularka ta faɗi.

To, Taguwarka ta ƙi tashi.

Tun rasuwarka ba wanda ya taɓa ta. Ka san mutanenmu, kayan mamaci ba a sa masa hannu sai an natsu. Aka lulluɓe ta da tampol a ƙarƙashin rumfa, ta yi ta zama har Yagana ta fita. Ran da na yaye tampol ɗin na ɗauka aikin rabin yini ne. Na kai batir caji, na dawo, na murza makulli. Injin ya tashi a karo na uku, har na ji haushin yadda bai nuna ya yi kewarka ba. Gaba ya ɗaga. Baya ko motsi. Ta tsaya hanci sama, gindi a ƙasa, kamar kare yana jiran a jefo masa ƙashi. Na ja libar da ke gefen kujera zuwa sama, na mai da ita ƙasa, na sake ja. Gaba yana bin umarni kamar sabon ɗan sanda, baya kuwa kamar an yi masa siminti. Na hau kan but na yi tsalle da girmana. Ko gezau.

Iya tana jin mu daga ɗaki. Ta aiko a gaya mini in ƙyale baiwar Allah, ita ma takaba take yi, nata lissafin daban ne.

Na kira Usta Ɗanladi, bakaniken bayan tasha wanda ka hana shi taɓa komai a jikinta sai taya. Ya zo da murnarsa, ka san ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya zagaya ta, ya tsuguna, ya miƙe, ya ce Malam Modu, magana ɗaya ce, a yanke duk wannan tarkacen na Faransa, ya samo sifirin ɗin a-kori-kura ya yi mata walda, kafin la'asar tana kan titi. Na ce Usta, a-kori-kurar muke gudu. Ya ce to ai shi ke nan, sai a nemo Bafaranshen. Wani dattijo cikin masu zama a ƙofar gidanka ya ba da shawarar a wanke rubutu a zuba a lagireto. Na gode masa. Ban ce ba zan yi ba, na dai sa shi a ƙarshen layi.

Na ɗauko littafinta daga aljihun gaba. Da Faransanci yake, kamar yadda ka sani, domin kai ma hotunan kawai kake kallo kana gyaɗa kai. Na ari ƙamus a laburaren makarantarmu na tafi da shi. Na karanta tarihin dauloli da yawa, Umaru, na san abin da ya kayar da wasu daga cikinsu, amma ban taɓa shan wuyar shafi irin na wannan littafi ba. Abin da na tsinta a ciki bai wuce wannan ba: idan ta ƙi tashi, a kai ta wurin wakilinmu mafi kusa. Na duba taswira. Ban ga wanda ya fi Allah kusa ba.

Sai na yanke shawarar in bi ta yadda nake bin ɗalibin da ya ce bai san wanda ya fasa taga ba, wato in riƙa sallamar marasa laifi ɗaya bayan ɗaya har a bar mai shi shi kaɗai. Duk Juma'a in an tashi makaranta sai in hau motar haya daga Gashuwa, in kwana a zaurenka, Asabar da Lahadi ina ƙarƙashin mota. Muka haƙa rami a ƙarƙashin rumfar, muka tura ta kai. Na sa aka yanko mini kututturan goruba muka tokare ta ta ko'ina, don na tuna gargaɗinka cewa wannan motar in ta ga dama sai ta zauna a kan ƙirjin mutum ba sallama. Ka ga, ashe ina sauraronka.

Famfo na fara sallama. In da shi ne, gaba ma ba zai ɗaga ba. Mai kuma yana nan a tanki daidai alamarsa. Ya yi duhu, amma na ce tsufa ne, kowa ya kwana biyu sai ya yi duhu. Sai korayen ƙwallayen. Usta ya rantse su ne, wai iskarsu ta tsere. Na yi tunani na ce in iska ce ta tsere, mota za ta tashi, tauri kawai za ta yi a hanya. Duk da haka muka kwance na baya muka musanya da na gaba, aikin da ya ci mana yini guda da fatar yatsuna biyu. Gaba ya ɗaga da ƙwallayen baya, baya ya ƙi da ƙwallayen gaba. Na sallami ƙwallaye.

Daga nan na zargi tsatsa. Na ce ƙila hannuwan da ke riƙe da tayoyin baya ne suka ci tsatsa suka daskare, ai ka sha shiga ruwa da ita a hanyar fadama kana nuna wa masunta bajinta. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin in su ne, sai dai Kano, Kanon ma da addu'a. Muka saki ƙarfin man, muka ɗaga ta da jak har tayoyin suka bar ƙasa, na kama taya da hannu biyu na ɗaga. Ta tafi sama sumul, ta dawo sumul. Ɗaya ɓangaren ma haka. Ban san sanda na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba, har Yagana ta leƙo ta zaci an gama.

Ba a gama ba. Mako biyu sun tafi, gabas ta fara haɗa gira da yamma, Iya kuma ta koma kunu kaɗai.

Saura mutum ɗaya a ajin, wanda kake kira ɗan alƙali. Ɗan ƙarfen nan mai kamar gwangwanin tumatir da ke maƙale a ƙarƙashi, ɗaya a gaba ɗaya a baya, wanda ka ce shi ke yanke hukunci ko a ƙara wa ƙafa mai ko a rage. Na bi sandar da ta taso daga liba har zuwa gare shi. Usta yana ja daga sama, ina kallo daga ƙasa. Sandar tana motsi, tana tura shi, shi kuwa bai san ana yi ba. Na sa sukudireba na taɓa ɗan harshensa. Kamar na taɓa dutse. To, na kama mai laifi. Amma me ya same shi? Abin da ke iyo cikin mai dare da rana, ta ina tsatsa za ta same shi? Na ji tsoron kwance shi ban san ciwonsa ba, kada in gyara yau gobe ya koma a tsakiyar daji da tsohuwa a baya.

Ina kwance a ramin nan da azahar, zufa na shiga mini ido, ina wannan tunani, sai kiyashi suka dame ni da cizo a wuya. Na kakkaɓe, na yi musu Allah ya isa, suka dawo. Da na juya in ga inda suke fitowa, sai na ga ba ni suka zo nema ba, hanya na tare musu. Layi ne guda, ya taso daga gindin katanga, ya hau kututturen goruba, ya bi ƙarfen ƙarƙashi, ya zarce har bakin robar da ta rufe ɗan alƙali, inda wani ɗan danshi yake tsattsafowa. Suna zuwa, suna komawa, cikin natsuwa kamar masu bin layin madara.

Umaru, ka taɓa ganin kiyashi a gareji yana bin baƙin mai? Ka taɓa ganinsa a kan man birki? Ni ban taɓa ba. Na dangwali danshin da yatsa, ya kama yatsan kamar ƙaro. Na kai hanci. Na sake kaiwa. Sai na yi abin da ban so ɗalibaina su ji ba, na ɗanɗana.

Man gyaɗa.

Wanda ya kwana, ya yi ɗaci, irin na kaskon mai ƙosai da aka manta ba a wanke ba, amma man gyaɗa ne, ko a mafarki na san shi, a ƙasar gyaɗa muka girma. Na fito daga ramin na shiga ɗakin ajiyarka. Korayen gwangwanayen nan da ka jera a kan kanta kamar kofunan gasar ƙwallo, waɗanda kake nuna wa baƙi, na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Duk iska ce a ciki.

Na yi sallama a ƙofar tsakar gida na tambayi Yagana ko ka taɓa ɗibar mai a kicin. Ta ce wa ya gaya mini, ai sirrinka ne. Wai tun bara kake zuwa lokaci-lokaci da kwalba ka ce ta cika maka, kada ta tambaya. Ita kuwa ta ɗauka wata tsohuwa ko wasu marayu kake kai wa a ɓoye. Saboda haka ta daina ba ka na kasuwa, ta riƙa sayen mai kyau, tatacce, na matar nan mai ƙuli-ƙuli ta bayan masallaci, domin a ganinta abin sadaka ba a ba da na banza. Har a zaman makoki ta ba matan da suka zo gaisuwa labarin wannan hali naka, aka yi ta kuka ana cewa Allah ya ba mu irin zuciyar Umaru.

Da na gaya mata inda man yake tafiya, sai ta dafa bango. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Tun rasuwarka ban ji dariyarta ba. Ta ce yanzu duk man nan Taguwa ce ta sha? Ta ce wallahi da ta sani da na kasuwa za ta ba ka, mai gauraye. Daga nan dariyar ta juye, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na tsaya ina kallon ƙasa. Da ta lafa ta tambaye ni yanzu me za ta ce wa matan nan. Na ce kada ta ce musu komai. Ina ka je da motar a watannin nan in ba kai Iya asibiti ba? In wannan ba sadaka ba ce, a faɗa mini sunanta.

Amma kai, Umaru! Kai da hularka ta faɗi saboda man birki! Na zauna na haɗa abin dalla-dalla. An rufe iyaka, koren mai ya daina zuwa. Taguwa tana ɗan yoyo, kamar kowane tsoho. Iya tana bukatar asibiti. Sai ka duba abin da garinku ya fi kowa da shi, ka ce mai ai mai ne. Kuma ya yi maka aiki, tunda kullum tana tafiya, man yana zagayawa da ɗumi, bai sami zama ba. Da ka tafi, aka lulluɓe ta don girmama ka, sai ya sami watanni yana kwance ya daskare. Na gaba yana kusa da injin, zafi ya narkar da shi. Na baya ba mai ɗumama shi. Ladabin da muka yi maka shi ya ƙarasa abin da ka fara.

Me ya hana ka gaya mini? Tsoron tsiyata? To, da na yi maka, ba zan ɓoye ba, da har yau ina yi. Amma da na gama sai mu nemi mafita tare. Kai dai ba ka iya cewa abu ya ƙare maka ba. Haka ka yi da ciwon da ya tafi da kai, kana dafe ciki kana ce mana yaji ne ya yi yawa a miya.

Bari in faɗa maka wani abu tunda ba za ka katse ni ba. Duk tsiyar da nake yi wa motar nan, don ka yi magana nake yi. In na tsokane ka sai ka gyara zama, ka ɗaga yatsa, ka fara daga famfo. Na haddace wa'azin tun shekarar farko. Ina son jin sa ne kawai. Tafiyar nan da muke yi daga Nguru zuwa Gashuwa ran Lahadi da yamma in za ka mai da ni, kana tuƙi kana bayani, ramuka suna wucewa a ƙarƙashinmu ba mu ji ba, ban san wani lokaci a mako da ya fi mini shi ba. Ban taɓa faɗa ba. Ai ka san mu, sai mu shekara talatin da mutum ba mu ce masa komai ba sai kai dai ba ka da kirki.

Sanin ciwo daban, magani daban. Na kwance ɗan alƙali na baje shi a kan farantin Yagana na tangaran, don kada wani abu ya ɓace. Cikinsa akwai wasu 'yan faya-fayai kamar ƙwayar gero da aka daka, kowanne da ƙofa kamar ta allura, duk sun toshe da ɗanko. Na jiƙa su a fetur, na bi su da gashin burushi ɗaya-ɗaya. Usta, Allah ya saka masa, ya ajiye maganar walda, ya kawo famfon keke muka riƙa zuba kananzir a bututu muna hurawa har abin da ke fita ya daina ƙanshin tuya. Muka zubar da na tanki, muka wanke tankin. Duk unguwa ta ɗauka ƙosai ake yi a gidanka.

Saura koren mai. Ran kasuwa na tafi Machina da gwangwaninka guda a jaka, na nemi Jauro, Bafulatanin nan mai fataucin shanu da kake yi wa dabbobinsa allura. Iyaka a rufe take, amma ba wanda ya sanar da shanu. Da ya gan ni ya ce yau ga bawansa Babarbare ya zo gaishe da ubangidansa. Na ce na zo dai in ga ko Fulani sun fara wanka. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya juya gwangwanin a hannu, ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin taguwar da ba ta ba da nono sai dai a ba ta mai ba. Sai ya tambayi jikin Iya. Na faɗa masa gaskiya. Ya daina dariya, ya sa gwangwanin cikin riga, ya ce in koma gida.

Jiran nan ne ya fi komai wuya. Aka yi yayyafi ran wata Talata, ina aji ina koyarwa, na ji ƙanshin ƙasa ya shigo ta taga, na rasa inda na tsaya a darasi. Da na je Nguru, Iya ta sa aka kira ni. Ta ce Modu, in abin ya gagara kada in wahalar da kaina, ƙasa duk ta Allah ce. Ba ta dube ni ba da take faɗa. Na ce mata Iya, ko a kaina zan ɗora motar nan sai ta je Dagona. Ban san da me na dogara ba. Ina jin ciwonka na alkawari ne ya kama ni.

Ran Alhamis saƙon Jauro ya iso cikin buhun gero, gwangwani huɗu, da rubutun Faransanci a jiki. Na fasa ɗaya na kai hanci kafin in yarda. Ka koya mini.

Juma'a da la'asar muka mayar da komai, muka zuba, muka cire kututturan. Na murza makulli. Gaba ya ɗaga. Baya shiru. Usta ya cire hula ya riƙe. Na ji famfo yana ƙwanƙwasawa, yana hutawa, yana sakewa. Har na fara tsara abin da zan ce wa Iya, sai na ji nishin nan. Ka san shi. Ta ɗan karkata hagu, ta gyara, ta miƙe a hankali kamar wadda aka tasa daga barci ba ta so. Na zagaya na zauna a kan but. Ta nutse da ni, ta yi jim, ta dawo da ni sama. Na sauka, na sake zama. Usta ya ce Malam, in wasa za ka yi a kira yara.

Jiya Asabar da sassafe muka tafi. Na bar ta a durƙushe har aka shigar da Iya, Yagana ta zauna kusa da ita da matasai, sannan na tayar. Iya ta riƙe hannun ƙofa, ta rufe ido, tana jiran zafin. Muka tsallake layin dogo. Na duba madubi. Tana nan tana jira. Muka hau kwaltar Gashuwa da ramukanta, waɗanda suka ƙaru tun bayanka, muka sauka burji, muka shiga hanyar fadama. Wajen nan ne na ga hannunta ya saki ƙofar. Can kuma Yagana ta taɓa mini kafaɗa ta nuna mini, ta yi barci.

Mun isa kafin azahar. Ƙaninta ya fito ba takalmi. Aka shigar da ita ɗakinta, aka kawo mata tuwon shinkafa da miyar kifi, Yagana ta ce ta ci fiye da rabi, har ta yi ƙorafin gishiri. Hadari ya taso muna hanyar dawowa, ya sauko mana bayan mun hau kwalta. Yanzu kam hanyar ta rufe. Da kaka in ta buɗe zan je in gan ta, in Allah ya kai mu, ya kuma kai ta. Yagana ta ce motar ta zauna a hannuna kafin yara su girma. Na karɓa, da sharaɗin ba za a ƙara tambayata ra'ayina a kanta ba.

Abu ɗaya na bari sai ƙarshe, don ban san yadda zan rubuta shi ba.

Kafin Dagona akwai wani kwari da yayyafin Talata ya bar wa laka. Na tsaya na duba, na ga sai an ɗaga ta can sama za ta wuce. Ka san in an ja libar nan har ƙarshe laushin yakan tafi. Na ja, na shiga a hankali, amma duk da haka da muka fito ta ɗan buga. Iya ta motsa. Ba ta buɗe ido ba. Sai na ji ta ce, Umaru, yi a hankali mana.

Kai ɗan fari ne. Tun muna yara nake shiga gidanku, ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. Wannan yaron, take cewa, ko mai gidan Yagana, ko ta ce abokinka in da ni take. Ko ran da aka fito da kai ba ta faɗe shi ba. Ashe yana nan a ajiye, barci ne kawai ya buɗe ƙofar. Na duba madubi, na ga Yagana ta toshe baki da mayafi. Iya kuwa tana jiran amsa, na gani a goshinta.

Na ce to, Iya.

Ta gyara kwanciya ta koma barcinta. Na amsa a madadinka, Umaru, ban nemi izini ba. In laifi ne ka riƙe shi, ma yi maganar in na zo.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta.

Naka, ko ka karanta ko ba ka karanta ba,
Modu